Rasit Biyu, Ruwa Ɗaya

Da asuba nake kwance jirgina a Ebute Ero,
injin ya yi tari sau uku kafin ya yarda.
Ni Namadi, Basarke daga Yawuri,
Kwara ta yaye ni, ruwan Ikko ke ci da ni.

Fasinja bai gama zama ba
mai riga ruwan ɗorawa ya miƙo hannu: "Na jiha."
Na biya, ya yago takarda.
Ban wuce gindin gada ba
mai shuɗiyar hula ya tare ni da usur: "Na tarayya."
Na ce ai na biya a baya.
Ya ce, "Wancan na gaɓa ya karɓa.
Ruwan namu ne."

Rasit biyu a aljihu ɗaya.
Gumi ya jiƙa su, tawadarsu ta gauraya,
abin da masu su suka kasa.

Akwai Lauya Risikatu,
kullum bencin gaba, baƙar riga cikin leda,
takalmi a hannu don kar gishiri ya ci.
Ranar da na tambaye ta, sai da ta haɗiye lomar ƙosai
kafin ta ce kundin tsarin mulki
rabon gado ne aka yi wa masu rai.
Soja, buga kuɗi, fasfo, kwastan,
duk abin da ke kwance cikin ƙasa,
wannan akushin Abuja ne, gwamna ba ya sa hannu.
Akushi na biyu tare ake ci,
amma in yatsu suka yi karo
na babba ne ke ɗaukar naman.
Abin da ya rage bayan an lissafa,
shi jiha ke kankarewa.

Na ce, to ruwa fa, a wane akushi yake?
Ta yi dariya har ƙosai ya sarƙe ta.
Ta ce sai an duba inda ya fito, da inda za shi,
ko ya tsallaka iyaka ko a gida yake kwana,
masu hular gashin doki ne ke aunawa.
Na leƙa gefen jirgi.
Ban ga layi ba. Ledar burodi na gani tana tafiya.

Na so in tsani littafin nan.
Sai wata Laraba, bayan rigimar tasha,
wani mai sanda ya nuna ni da baki:
"Ku tattara, kowa ya koma jiharsu."
Cikina ya ɗuri ruwa.
Shekara goma sha tara a nan,
'ya'yana Yarbanci suke mafarki da shi,
kabarin uwarsu yana Agege.
Lauya ta miƙe, jirgi na tangaɗi, ba ta kama komai ba.
Ta ce babu gwamnan da littafin ya ba wa tsintsiyar
share ɗan ƙasa daga ƙasarsa.
Mai sanda ya tsaya kallon agogonsa.

Ashe igiyar da ta ɗaure hannun jiha
ita ce ta ɗaure jirgina a gaɓar nan.
Jirgi ma in ba shi da gefe, katako ne,
na daɗe da sanin wannan, ban kai shi nesa ba.

Duk da haka jiya da la'asar
kainuwa ta naɗe farfelar injina a tsakiyar ruwa,
mutum ashirin da biyu, da mai ciki, da buhun gari.
Na duba gabas, babu mai ruwan ɗorawa.
Na duba yamma, babu mai shuɗiyar hula.
Na tuɓe riga, na ciji wuƙa, na shiga.

Rasit ɗin suna kan murfin inji, suna bushewa.
Gobe in Lauya ta shigo
zan tambaye ta shafin da aka rubuta kainuwa.